Jirgin ruwan da Yaya Rakiya ta zaɓa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina ɗaura kallabi zan fita aiki, waya ta yi ƙara. Maƙwabciyar Yaya Rakiya ce daga Montreuil, can gefen Paris. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Dije, sai haƙuri. Hajiya ta riga mu gidan gaskiya." Ta yi sallar asuba, tana zaune kan darduma numfashi ya ƙi. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Na ce to. Na zauna bakin gado.

Akwatunanta uku suna gabana, jere a jikin bango, inda ta ajiye su da hannunta.

Mutanen Paris sun san ta da Hajiya Rakiya 'yar Damagaram. Ni Yaya nake ce mata, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba, ni 'yar Maraɗi ce. Na zo Faransa ne rainon yaran wasu ma'aikata. Da aikinsu ya ƙare suka koma gida, ni na zauna. A lokacin ba na iya karanta sunan tasha, sai in riƙa ƙirga su a bakina cikin metro. Wata rana ina ƙirgawa, wata mata a gefena ta ce, "Ke, 'yar wa ce ke ƙirga da Hausa a layi na tara?"

Ranar a gidanta na ci tuwo. Rigar sanyina ta farko tata ce, hannun ya yi mini tsawo, ta naɗe ta ɗinke. Da na samu aiki a kicin ɗin wata makaranta a Lyon na koma unguwar Guillotière, ba a taɓa yin wata biyu ba ta aiko mini da yaji ba. In na yi godiya sai ta ce, "Ki ci dai, kin rame kamar tsinken tsire."

'Yarta ɗaya ce, Nafisa. A bayana ta yi rabin ƙuruciyarta, Tanti take ce mini. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Martinique, wani tsibiri can ƙetaren teku amma ƙarƙashin Faransa, ita da mijinta. Bana Allah ya ba ta ciki na fari.

Daga nan maganar jirgin ruwa ta taso.

Shekarun baya jini ya taɓa daskare wa Yaya a ƙafa har ya taɓa huhu. Tun daga lokacin likitanta ya hana ta doguwar tafiya a jirgin sama. Ta koma ta roƙe shi, ya ce a'a. Ta kira ni ta ce, "Dije, 'yata ba za ta yi jegon fari a hannun baƙi ba. Wa zai dafa mata ruwa? Wa zai dama mata kunu? Mijin nan da ko shayi sai ya tambayi ina sukari yake?"

Wata mata da suka yi aikin guga tare a otel ce ta ba ta labarin. Manyan jiragen ruwan nan masu yawo da 'yan shaƙatawa, da zafi suna nan tekun Turai. In sanyi ya kawo kai sai su ƙetare zuwa can ɓangaren su Nafisa, inda rana take. Maimakon su tafi wayam, sai su ɗauki fasinja da sauƙi. Likita ya ce wannan ya yarda, tunda za ta riƙa tafiya da ƙafarta a ciki, kuma akwai likita a jirgin.

Yaya ta ce, "Ashe cin rani suke zuwa, kamar mutanen garinmu."

Ɗakin jirgi na mutum biyu ne, kuma Nafisa ta ce ba ta yarda Inna ta tafi ita kaɗai ba. Yaya ba ta tambaye ni ba, sanar da ni ta yi. Na ce, "Yaya, ni fa ko gadar Rhône zan ƙetare tsakiyar hanya nake bi, ba na kallon ruwa." Ta ce, "To ki rufe ido. Ni zan riƙa gaya miki abin da ke wucewa."

Wata da watanni ta yi tana auna kamfanoni. Ta tara littattafai masu hotuna daga ajans, ofishin da ke sayar da tikitin tafiya, mu biyun kuma karatunmu bai taka kara ya karya ba, sai mu kalli hoto a waya tana can ina nan. Da na je Paris hutu ta ja ni wurin matar ajans ɗin. Baiwar Allah nan ta sha tambaya.

Na farko jirgin Amirkawa ne, daga Spain yake tashi. Shi ya fi kyau a hoto. Amma a Amirka yake sauke mutane, sai da biza, kuma ma'aikatan Ingilishi suke yi. Yaya ta ture littafin gefe. "In ciwo ya kama ni da wane baki zan ce wayyo?"

Na biyu yana biyawa ta wasu tsibirai da mai fasfon Nijar sai ya nemi izini, ko da ba zai sauka ba. Yaya ta ce, "Ina cikin ɗakina a kan ruwa, ruwan ma nasu ne?" Madam ta ce haka dokar take. Shi ma aka ture.

Na uku daga Marseille yake tashi, ana jin Faransanci a ciki, kuma har Martinique yake tsayawa, inda takardar zamanmu ta wadatar. Madam ta fara yabonsa, wai akwai wurin rawa, akwai wurin iyo, giya kuma duk wadda mutum yake so. Yaya ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Madam, dube ni da kyau. Kifi fa, akwai kullum? Naman wa ya yanka?" Aka ce in an sanar da wuri za a kula, in ba haka ba ga kifi ga ganye. Ta ce kifin ya isa.

Sai maganar ɗaki. Akwai na ciki marar taga, shi ne mai sauƙi. Yaya ta ce sam. An gaya mata a hanya ana ta mayar da agogo baya, ita kuma ba za ta bar wa agogon da ake taɓawa sallarta ba. Taga take so, ta ga alfijir da idonta. Na ce alƙibla fa, abin da ke tafiya? Ta ce ta tambayi malami. "Jirgi yamma ya nufa. Mu juya masa baya, shi ke nan."

Ni ce na yi tambayar wauta. Na ce, "Madam, ran nawa yake juyowa?" A zatona kamar motar Maraɗi zuwa Yamai ce, a sauke a ɗauko. Madam ta ce ba ya juyowa sai sanyi ya wuce, wajen watan huɗu. Na dubi Yaya. Ita ta riga ta sani, murmushi take yi.

"Ke in an yi arba'in ki hau na sama ki koma aikinki. Ni da jikana sai jirgi ya gama cin raninsa."

Abin da ya fi faranta mata shi ne ba a auna kaya kamar a filin jirgin sama. Ta sa aka kawo mata gero daga gida, da kanwa, da kayan yaji, da busasshen ganyen dogon-yaro, da zannuwan goyo. Ta sayi wata ƙatuwar butar lantarki, sai aka ce ba a shiga ɗakin jirgi da abin da ke zafi, ko dutsen guga karɓewa suke yi. Ta yi kwana biyu tana faɗa, sannan ta ba maƙwabciya. Da ta ji akwai daren da kowa ke cin ado a jirgin, ta kai shadda ɗinki, iri ɗaya ni da ita.

Tawa tana rataye bayan ƙofa. Ban ko gwada ba.

Ganinmu na ƙarshe makon jiya ne. Ta zo Lyon da akwatunan, tunda nan ne kan hanyar Marseille, ta ce su jira ta a wurina. Na tarye ta a gar, tashar jirgin ƙasa, muka hau taram na cikin gari da su, mutane na ta kallonmu.

Washegari da hantsi ta ce in ɗora ruwa a babbar tukunya. Na ce na me? Ta ce, "Zo ki koya."

Waɗanda suka san ni sun san Allah bai ba ni haihuwa ba. Ban taɓa yin wankan jego ba, ba a yi mini ba, kuma in ana yi a gidanmu ba a kiran irina. Na ce, "Yaya, wannan ai aikinku ne." Ta ce, "Wa ya rubuta? In teku ta juya mini ciki na sauka ina layi, wa zai yi? Tashi."

Ta zauna kan ƙaramar kujera cikin bahon wanka, ita ce mai jego. Ta nuna mini yadda ake haɗa ganyen a dunƙule, yadda ake tsomawa a yarfe, daga ina ake farawa, inda ake dannawa da inda ba a taɓawa. Na fara a hankali, ta ce, "Ke shafa mai kike yi ko wanka?" Na ƙara ƙarfi, ta ce, "Kashe ni za ki yi tun ban ga jikana ba?"

Muna cikin haka Nafisa ta kira, muka sa ta a lasifika. Da ta ji abin da muke yi ta ce, "Inna, mun yi magana fa. Ruwan da hannu zai iya zama a ciki. Kanwa kuma kaɗan, ina ganin abin da take yi wa zuciya." Yaya ta ce, "Ji 'yar da na wanke da hannuna tana koya mini zafin ruwa." Amma da aka kashe waya ta kama hannuna ta tsoma a bokitin, ta riƙe. Ta ce, "Kin ji? Iyakarsa ke nan. Yarinyar ta fi mu sani, kada dai ki gaya mata na faɗa."

Da rana ta sa na dama kunu sau biyu. Na farko ta ce ya yi ruwa. Na biyu ta shanye tas.

A gar da za ta koma ta ce, "Geron yana akwatin tsakiya. In ganye ya ƙare, na tambaya, akwai tsamiya a can." Na ce, "Ai kina nan." Ta ce, "Ina nan mana. Na dai faɗa miki."

Ban san ko ta ji wani abu a jikinta ba. Ba zan ce ta sani ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya faru dai na faɗa.

Ɗazu na yi magana da Nafisa. Mijinta ya riga ya gaya mata. Cikinta ya tsufa, ba za a bar ta ta hau jirgin sama ba, ke nan ba za ta ga jana'izar mahaifiyarta ba. Uwar an hana ta zuwa, 'yar an hana ta zuwa. Can ta ce, "Tanti, shi ke nan ba mai zuwa?"

Na dubi akwatunan.

Na ce, "Wa ya ce miki? Ran da jirgi ya tsaya ki turo mijinki bakin ruwa, ya zo da mota mai babban baya."

Ta ce, "Tanti, ke da kike tsoron ruwa. Ki bari ki hau na sama."

Na ce na sama ba zai ɗauki kayan nan ba, kuma ba zan buɗe in rage abin da ta shirya da hannunta ba. Yadda ta ɗaure su haka za su isa.

Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Paris, a yi mata wanka da ni. Za a sanar da lokacin jana'iza in takardu sun kammala, mutanen Montreuil za su faɗa. Bayan an yi addu'ar bakwai zan je wurin Madam ta ajans in ce gado ɗaya ya rage, a bar mini ɗakin mai taga. Har yanzu ina tsoron ruwan. Ba mai gaya mini abin da ke wucewa, sai dai in buɗe ido in duba da kaina.

Allah ya jiƙan Yaya Rakiya. Allah ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya sa yadda ta suturta baƙuwa a ƙasar sanyi shi ma ya suturta ta. Allah ya sauki Nafisa lafiya, ya raya abin da za ta haifa.

Duk wanda ya karanta, ko ya san ta ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu. In kun gama nata ku sa Nafisa. In da saura ku sa ni, Allah ya ƙetarar da ni da kayan nan, ya sa hannuna ya tuna zafin ruwan da ta nuna mini.

Amin.