Mainasara ya tafi, akwatin bohol ɗin Kurawa na kulle

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ƙanen Mainasara ya kira ni, ina riƙe da kofin shayi. Ya ce, "Yaya Bello, abokinka ya cika." Na ce, wane abokin? Wallahi na sani, zuciyata ce kawai ta ƙi ɗauka.

Ciwon ciki na kwana uku. Ko labarin ciwon ban ji ba.

Ga wanda bai san shi ba, Mainasara ne mai gyaran kwamfuta da waya bakin kasuwar Sabon Birni. Tare munka koyi aikin. Ni na gudu Sakkwato neman ofis mai fanka, shi ya tsaya gida cikin rumfar kwano.

Mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. Laftof ɗinsa tsohuwa ce mai nauyi, in na yi mata dariya sai ya ce, "Taka ta kallon fim ce, tawa ta aiki." Ba ya yin ofdet, wato sabunta manhajar kwamfuta, ranar kasuwa ko da za a yanka shi. Ajiyar intanet kuwa, wadda nake ta yabo, cewa yake kamar ka kai hatsinka rumbun mutumin da ba ka san gidansu ba. Lokacin da anka kashe mana sabis ɗin waya, mutane na hawa babur har wajen Burkusuma neman layin Nijar, sai da ya yi mini gori na wata guda.

In mace ta kawo waya gyara, juya baya yake har ta gama sa lambarta. In ya gane ƙarshen lambar wayarka ka sa a matsayin faswod, ka shiga uku da faɗa, amma shi zai zauna ya canza maka, bai karɓi ko sisi ba.

Laftof ɗina ta farko, ni na zuba mata koko. Yini biyu ya yi yana goge ta da burushin haƙori har ta tashi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ne yau na tona kaina.

Kun san halin da ake ciki. Damina biyu ke nan gero na ƙonewa tun bai fitar da kai ba, rijiyoyi sun ƙafe. A Kurawa, garinmu, bohol ɗin sola guda ne ya rage, shi mutane ke sha, shi dabbobi ke sha. Mainasara ne ya haɗa wani ɗan akwati, ya rubuta masa furogiram da hannunsa. Akwatin ne ke tayar da inji ya kashe shi, ya raba awowi: waɗanga na famfon gari, waɗanga na kwamin dabbobi. Duk sati biyu sai ya je ya auna ruwa da igiya, ya rage awowin gwargwadon yadda ruwan ya yi ƙasa. In ba a rage ba, inji zai ja iska ya ƙone.

Ya kulle akwatin da kalmar sirri, don kowa na zuwa da baki mai daɗi a ƙara wa ɓangarensa awa.

Ganinmu na ƙarshe, sati uku da sunka wuce, a kan haka munka yi faɗa. Na ce ya ba ni kalmar in ajiye. Ya ce a'a. Na ce ya rubuta a takarda. Ya ce takarda tana da ƙafa. Ku da kunka san ni kun san bakina ba ya da linzami. Na ce, "To, sarkin tsaro, in ka mutu fa?"

Ya yi dariya, ya ce, "Bello, kai dai ci gyaɗarka."

Maganar da na faɗa wa abokina ke nan. Tun safe take cina, kuma ba ni da wanda za ni roƙa gafara.

Na samu jana'iza da kyar. Ana watsewa daga maƙabarta sai Ardo Buba, shugaban makiyayan yankin, ya riƙe mini hannun riga. Ya ce, "Ɗan nan, kai ne abokin aikinsa ko? Marigayi ya ba ni wasu baƙaƙe guda biyar, ya sa na haddace kamar karatu. Ya ce rabin kalmar sirrin akwatin ne. Sauran rabin na wurin Sarkin Noma. Ya ce duk ranar da ba ya nan, kada in faɗa wa kowa sai a gaban akwatin, Sarkin Noma na tsaye."

Ashe ya riga ni tunanin mutuwar, ni ina can ina yi masa tsawa.

Sarkin Noma kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi da Ardo ba su gaisa ba tun bara, da shanun makiyaya sunka shiga ɗan geron da ya tsira a fadamar Kawu. Ko yau a sahun jana'iza, wanga na wancan ƙarshe, wancan na wanga ƙarshe.

Na je wurin Kawu bayan la'asar. Ya ce, "Eh, ya ba ni. Amma in tsaya kafaɗa da kafaɗa da Buba? Kai ba ka iya buɗe abin da dubararku ta boko ba?"

Na iya. In na cire akwatin na goge komai, za ni iya sake rubuta shi cikin kwana biyu. Amma duk awar da na sa, makiyaya za su ce ɗan 'yar'uwar Sarkin Noma ne ya yi rabo, kuma gaskiyarsu. Daga nan sai sanda da adda a bakin kwami. Mainasara ya san haka, shi ya sa ya hana ni.

Rabon da a auna ruwan nan kwana goma sha shida. Matan da ke ɗiba sun ce da azahar famfo ya fara tari.

Gobe bayan sallar asuba za ni koma ƙofar Kawu in zauna, ba ni tashi sai ya sa takalmi. Ardo ya ce shi da hantsi yana gindin tankin bohol, ko an zo ko ba a zo ba.

Ya Allah ka gafarta wa Mainasara, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi daga Alkausara kamar yadda ya tsaya wa ƙishirwar bayinka. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka yafe mini abin da bakina ya faɗa.

Duk wanda ya karanta wanga, don Allah ya yi masa addu'a. Ku kuma roƙa mana Allah ya tausasa zuciyar tsoho guda kafin injin nan ya ƙone.