Tsofaffi Biyu da Ba Sa Jin Zafi

Ko zan manta da komai, ban da makon da na yi jinyar Baba a Gusau, bayan an cire masa ciwon daji daga hanji.

Baba ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, duk Bungudu an san shi. A gadon kusa da nasa akwai wani tsohon mahauci daga Tsafe, shi ma aikin ciki aka yi masa. Likita ta yi mana bayani cewa allurar kashe zafi iri biyu ce: ta Baba a gefen ciki aka yi, ta mahaucin a baya. Tana so ta ga wadda ta fi aiki, don haka kowa ya faɗi gaskiya. Ta ƙara da cewa wanda zafi ya hana shi tari da jan numfashi sosai, ƙirjinsa zai cushe, kuma wannan na iya kashe tsoho.

Tab! Ashe gasa ta buɗe ba ta sani ba.

Likita ta ce, "Baba, yaya zafi?"

"Wane zahi? Ni da an ba ni gatari sai daji."

Mahaucin ya ce, "Ni ko Hajiya, anya kun yanka ni kuwa?"

Alhali Baba gumi yake ta yi, ya damƙe ƙarfen gado, numfashi sama-sama kamar kaza. Na roƙe shi ya faɗi gaskiya, na haɗa shi da Allah, ya ce in rufe masa baki kada ɗan Tsafe ya ji. Wallahi tsoro ya kama ni, ga haushi kamar in yi kuka.

Washegari likitar ta dubi Baba, sai ta juya wurin mahaucin.

"Malam, maƙwabcin nan naka fa jarumi ne."

"Jarumi? Wanga?" Har da ɗaga kai. "Kuna hita shina nishi! Ɓangaren dama ne, ko tari ba shi iyawa. Tun jiya da la'asar allurar ta sake shi."

Baba ya zaburo. "Munahuki! To shi ma ƙahwarshi ta mutu, da za shi bayan gida, bango ya dafa!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har masu ɗinki a ciki suna riƙe da filo suna roƙon a bari. Nan take aka sake wa Baba allura, aka duba bayan mahaucin. Kafin magariba Baba ya yi tarin da ya fi kowace waƙa daɗi a kunnena.

Wace allura ta fi? Har yau ban sani ba. Ranar sallama dai Baba ya riƙe hannun mahaucin ya daɗe bai saki ba, yana cewa, "Ka tona min asiri, Allah shi saka maka."

Tun daga nan na gane ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Da mutumin nan ya rufa wa Baba asiri, da mun rufe Baba da ƙasa.