Ranar da Nafisa ta amsa min da Hausa

Jama'a, yau na keta tsakanin bishiyoyi a kan allon sulun ƙanƙara, ko faɗuwa ban yi ba! 'Yata Nafisa ce malamata. Dokarta ɗaya ce: mu riƙa kiran juna, kada wani ya faɗi ba a sani ba.

Can sai ta ɓace min. Gabana ya faɗi, na ƙwala mata kira.

"Na'am, Mama! Ga ni nan!"

Yarinyar da kullum da Turanci take amsa min!

A hanyar komawa gida Greensboro, a nan Amurka, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Kowa a dutsen Turanci yake yi. Da Hausa za ki san ni ce."

Iyaye, naku sun taɓa shammatar ku haka?