Rigar da Shodmon Ya Ƙi Kaiwa Rini

Duk wanda ya san ƙauyenmu Sangdara ya san hannun Mehriniso kafin ya san fuskarta. Baƙi ne ƙirin har wuyan hannu, don ɗanyen ɓawon gyaɗar bishiya ya daɗe da kama shi, babu sabulun da ya isa ya fitar. Rini ne sana'arta, amma ba ruwanta da zare ko mayafi. Abu ɗaya ake kai mata, kakin soja mai roɗi-roɗi, ta tafasa shi a babbar tukunyar ƙarfe har sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu kamar dafaffen shayi.

Abin ya samo asali ne daga yaƙin basasa. A shekarun nan sojojin gwamnati wannan kakin suke sawa, ’yan tawayen kan tsauni shi suke sawa, ɓarayin da ba na kowa ba su ma shi suke sawa. In ka hango roɗi-roɗi yana gangarowa ba ka tsayawa tambayar na waye. Masu irin wannan riga ne suka zo da rana tsaka suka ɗauki mijinta Nazarali daga gonar dankali, suka ce tambaya kawai za su yi masa ya dawo. Ɗansu Shodmon yana jariri a lokacin. Har yau Mehriniso ba ta san ko wane ɓangare ne ya cinye mata miji ba, saboda haka ta tsane su duka, ba ta ware kowa ba.

Da aka yi sulhu sai kakin ya cika kasuwar garin Garm, ga arha ga ƙwari, mutane kuwa ba su da abin sawa. Wata rana wani makiyayi ya sauko da tumakinsa sanye da sabuwar riga irin ta soja, mata suka watse da yara, wata tsohuwa ta faɗi ta karye a ƙugu. Dattawa suka zauna a ɗakin shayi na masallaci, babbansu Bobo Saidmurod ya yanke magana. Ba a hana kowa saye ba. Amma duk wanda ba soja ba zai cire tambarin da ke jikin rigar, ya kai ta rini kafin ya sa, kuma rinanniya ce ko ba rinanniya ba, ba a shiga da ita gidan makoki. Soja na gaskiya ya sa tasa yadda take, kowa ya gan shi ya san shi. Sai sharaɗin da Bobo ya fi nanatawa: mai riƙe da bindiga ba ya sa rinanniya, domin rini shaida ne cewa hannunka babu komai. Mutanenmu suka riƙe wannan har abin ya kai ga ban dariya. Bozor maharbi in zai fita neman makwarwa sai ya tuɓe rinanniyar rigarsa ya rataye, wai shi ba zai yi wa tsuntsu ƙarya ba.

Mehriniso da kanta ta nemi aikin, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa tana jin daɗin danna rigunan nan cikin tukunya da muciya ba. Matsalarta ɗaya, ba ta yarda da riga ba, ba ta yarda da mai riga ba. Sai ta juye aljihu, ta shinshina wuya, ta ɗaga ɗinki a rana, sannan ta tsare ka da ido.

“A ina ka samo ta? Wa ya sa ta kafin kai?”

“Haba Goggo, rini na kawo ko ofishin ’yan sanda na zo?”

“In ba ka da amsa ɗauki kayarka, akwai wani a bayanka.”

Haka ta yi ta fama har ta raini Shodmon. A gindin tukunyar nan ya tashi, ya haddace dokar Bobo tun bai haddace karatun sallah ba. Da ya kawo ƙarfi ya bi sahun samarin garin zuwa Rasha aikin gini, daga baya ya zo ya ɗauki matarsa Anora da ’yarsu suka koma tare. Ma’aikatan gini kowa ya san lokacin dawowarsu, sai sanyi ya daskarar da siminti an rufe aiki.

Shi kuwa sai ga shi da kaka, ana tsakar kaɗe gyaɗar bishiya, lokacin da babu ɗan ƙwadagon da ke barin aiki. Shi kaɗai, ba mata ba ’ya. Kuma ya sauko daga mota a gaban masallaci sanye da riga mai roɗi-roɗi da ba ta taɓa ganin tukunya ba.

Mehriniso ta rungume shi, ta yi kukanta, ta toya gurasa, ta dafa masa shayin madara da gishiri da man shanu yadda yake so. Sai da ya ƙoshi ta miƙa baƙin hannunta.

“Kawo ta. Tukunya na kan wuta.”

“Bar ta tukuna, Inna.”

“Tukuna har yaushe?”

“Ba daɗewa zan yi ba ai. Can kowa ita yake sawa, har mai sharar titi.”

“Can can ne. Nan gidan ubanka ne.”

Ya yi murmushi, ya sumbaci hannunta, bai tuɓe ba.

Washegari maƙwabciyarta Zebo, wadda bakinta bai taɓa zuwa hutu ba, ta leƙo ta kan katanga.

“Uwar Shodmon, an ce Janar ya iso. Mu zo gaisuwa haka nan, ko sai mun ƙame mun sara?”

“Je ki ƙame wa mijinki, ko ya tuna yana da mata.”

“Ni dai abin da ya ban mamaki, kin rina na gari kaf, naki ya gagare ki.”

Mehriniso ta mayar mata da baƙar magana kamar kullum, amma zancen ya zauna mata a ƙirji. Daga ranar ta sa wa ɗanta ido irin yadda take sa wa rigunan mutane. Ta lura yana cin abinci da sauri kamar za a ƙwace. Ta lura ba ya zama sai ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. In ta yi masa magana ta hagu ba ya ji, sai ya juyo da kunnen dama. Wata gyaɗa ta faɗo a kan kwanon rufi da hantsi, kafin ta ƙyafta ido ya riga ya kai ƙasa, sannan ya tashi yana karkaɗe gwiwa wai santsi ne.

Ta kamo tafin hannunsa ta juya.

“Wane irin gini ne wannan da ba ya fasa hannu? Bara kamar bayan kunkuru ka zo da shi.”

“Safar hannu ake ba mu yanzu, Inna.”

“To kunne fa? Shi ba a ba ku safarsa ba?”

“Injin fasa dutse ne.”

“Anora me ya hana ta zuwa?”

“Yarinya na makaranta.”

Ko wace tambaya da amsarta a shirye, wannan ma ya ƙara tayar mata da hankali. Shodmon ɗin da ta haifa in an tambaye shi sai ya yi ta kame-kame ko da gaskiyarsa.

A gari kuwa magana ta rabu biyu. Wasu suka ce girman kai ne na ’yan ci-rani, sun je sun ga dogayen benaye sun raina dokar ƙauye. Wasu suka yi shiru, shirun da ya fi maganar muni, domin an fara jin labarin yaranmu da ake sa wa kaki a can a tura su yaƙin da ba nasu ba. Mehriniso ta samu kanta tana roƙon abin da babu uwar da ta taɓa roƙa. In ta idar da sallah sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya sa rashin kunya ce, Allah ya sa ɗanta fitsararre ne kawai wanda ya manta tarbiyya. Fitsara tana da magani, ta san inda za ta kama.

Ana haka Bobo Saidmurod ya cika, bayan ya daɗe a kwance. Mehriniso tana tsakar gida tana ɓare gyaɗa, amma idonta na kan ƙofar ɗakin Shodmon. In ya fito da rigar nan zai tafi makoki, to shi ke nan, ya manta dokar, za ta ci masa mutunci a gaban kowa ta kuma gode wa Allah. Sai ya fito, ya tsaya, ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ya buɗe akwati ya ɗauko tsohuwar alkyabbar ubansa mai auduga, ya sa, ya ɗaura ɗamara, ya fita. Yaron bai manta komai ba. Yana bin dokar Bobo layi-layi, kuma dokar ta ce mutum iri ɗaya ne kaɗai ba ya kai rigarsa rini.

Ta tashi ta sauke rigar. Ta juye aljihu, babu komai, ko ƙwayar yashi. Ta shinshina wuya, ba ta ji siminti ba, ba ta ji fenti ba, sai wani wari kamar na man keke da hayaƙi. A kafaɗa akwai wurin da aka cire tambari, amma na kasuwa ma haka suke zuwa. Rigar ta ƙi faɗa mata komai, ita da ta shekara da shekaru tana sa riguna magana. Haushi da tsoro suka haɗu mata. Ta hura wuta, ta zuba ɓawo ninki biyu, ta danna rigar da muciya har ƙasan tukunya. A ranta tana cewa in ya sa ta, to hannunsa babu komai, ta huta. Can ƙasan ranta kuma akwai wata wauta da ita ma ta san wauta ce, wai babu rundunar da za ta karɓi mutum da riga ruwan shayi.

Da la’asar ya dawo daga maƙabarta ya tarar da ita a kan igiya tana ɗiga. Mehriniso ta shirya wa faɗa, har ta tanadi abin da za ta ce. Bai yi faɗa ba. Ya taɓa hannun rigar, ya ce rinin ya kama da kyau, ya shiga ɗaki.

Ranar komawarsa dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan tsaunuka, iska na yanka fuska. Motar Dushanbe, babban birni, na jira a gaban masallaci. Ta kawo masa rigar a ninke, ta bushe sarai, ko ɗigon roɗi ba a gani.

“Sa. Akwai sanyi.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci ya shaƙi ƙamshin ɓawon, sannan ya warware ta ya mayar a ƙusa. Ya jawo alkyabbar ubansa.

“Na ce ka sa.”

“Ba zan iya ba, Inna.”

“Ta yi maka kaɗan ne? Ta shige a ruwan zafi?”

“Kin san ba haka ba ne.”

Ta zauna a bakin gado. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata a taƙaice. An kewaye su a wurin gini, aka kwashe su, aka ce ko sa hannun shiga soja ko kurkuku. Ya sa. Hutu aka ba shi saboda kunnen.

“To kada ka koma. Wa zai hau tsaunin nan nemanka?”

“Anora da yarinya suna can. An san ɗakin da suke.”

“Sa ta ko daga nan zuwa mota ne,” in ji ta. “Mutane su gani su yi shiru. Ni ma in gani, ko sau ɗaya.”

“Ke kika ce min wanda ya sa rinanniya da bindiga a hannu ya fi wanda ya ɗauki Baba muni, don shi ko ba komai an gan shi tafe. Tun ina wannan tsayin kike faɗa min.”

Ta so ta ce ƙarya take yi a lokacin, ta so ta ce dokar ta bi Bobo kabari. Ya sumbaci baƙin hannunta, ya ce can za a ba shi wata rigar, kada ta damu da sanyi.

Ya ratsa gari a alkyabbar Nazarali, ita tana biye. Zebo na bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta tambayi ina rigar da ta sha ɓawo ninki biyu, sai ta dubi alkyabbar, ta dubi fuskar Mehriniso, ta rufe. Mazan da ke gaban masallaci suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tambaye shi komai, kowa ya gane soja ne.

Mehriniso tana nan tana rini har yanzu, hannun ya ƙara baƙi, bakin bai rage zafi ba. Abin da ya sauya kawai, ta daina tambayar mutane wa ya sa riga kafin su, don yanzu tana tsoron amsar. Rigar Shodmon na rataye a ƙusarta. Rinin ɓawo yana koɗewa in ya daɗe, roɗi-roɗin ya fara leƙowa ta ƙasa, saboda haka duk kaka in an kaɗe gyaɗa ita take fara tsomawa kafin ta kowa. Zebo ta taɓa cewa ta bar rigar ta huta haka nan, za ta ruɓe. Mehriniso ta ce ranar da mai ita zai dawo ya ce a miƙo masa, ba ta so ya tarar ba ta shirya ba.