Ta tambaye ni sunan kakata

Ina cikin jirgin ruwa da safen nan, mun baro St. George ke nan, saƙon ya shigo: Farfesa Sudha ta rasu.

Sai da ma'aikacin jirgi ya taɓa ni na san mun iso Manhattan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Indiya ce, ita ke duba aikina na digiri na uku. Rayuwarta ta ƙare wajen tono matan da suka tsara waƙoƙin ibada a addinin Hindu, waɗanda masu kwafa suka goge sunansu suka rubuta "wani bawan ubangiji".

Ranar da na gaya mata suda a Hausa tsuntsuwa ce mai surutu, dariya ta yi har da hawaye. Ta ce, "Sun gano ni."

Ba ta azumi, amma duk Ramadan akwai dabino a durowarta saboda ni.

Wata rana na rera mata waƙar begen Annabi da kakata ke yi tana daka. A garinmu cewa ake yi ta wani malami ce, alhali duk gidanmu mun san ita ta ƙirƙira.

Ta ce, "Yaya sunanta?"

Na ce Inna.

Ta ce, "Ba abin da kuke kiranta ba. Sunanta."

Wallahi ban sani ba. Ni da nake cika aji da surutun haƙƙin mata! Na kira babana, ya ce, "Wa ya aike ki? Sunan uwata zan kama?"

Ganina da Farfesa na ƙarshe a gidanta ne a unguwar Jamaica, ta rame, muryar da ƙyar. Har na kai ƙofa ta ce, "Hadiza, ina jiran sunan nan."

Sati biyu ke nan da gwaggona ta faɗa mini, cikin raɗa. Na ce bari in gama babin nan in kai mata duka tare.

Na gaji, jama'a. Don Allah kada a buɗe mini muhawarar addininta a ƙasan rubutun nan, Allah ne ya san tsakaninSa da bayinSa. Ku roƙa wa 'yar da ta bari haƙuri da dangana, ni ma ku sa ni.

Ku kuma yi wa mai waƙar addu'a, da sunanta.

Allah Ya jiƙan Rakiya.