Cibiyar da Baban Rabi bai ƙarasa ba

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar maigidana Hamisu, wanda Zongon Lome ta sani da Baban Rabi. Allah Ya jiƙansa. Waɗanda suka san aikinsa sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mai buga takardu ce a wani shagon ɗab'i kusa da kasuwar Hédzranawoé, shi kuma mai rubuta manhajar kwamfuta a nan shagon. Shagon na da na'ura biyu, kowace da kamfaninta, kuma ba sa jin maganar juna. In na buga huɗubar surukina, limamin masallacinmu, a ɗaya aka kai ɗayar, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma tarkace. Haka ma haruffan yaren Mina na mutanen Lome. Dole in sake daga farko.

Abin ya hana Hamisu sukuni. Ya ce zai rubuta abu guda da zai zauna a ƙarƙashin kowace manhaja, ya riƙe haruffa da ajiya da lissafin lokaci, yadda duk abin da aka gina a kansa zai yi aiki a kowace na'ura. Ya raɗa masa suna cibiya. Na ce, "To wa zai gan ta?" Ya ce, "Ba kowa, Maman Rabi. Ranar da aka lura da ita, ta lalace ke nan."

Ranar da huɗuba ta fito daga na'ura ta biyu da ƙugiyoyinta cif, bai jira tashi daga aiki ba, ya kai takardar Zongo. Mahaifinsa, wanda ya daɗe yana ƙorafin ɗansa ya bar allo ya kama akwatin Nasara, ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Ashe akwatin nan yana jin Hausa."

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kuma takardun sukar gwamnati marasa sa hannu sun fara yawo a gari. Duk mai injin bugawa abin zargi ne. Wata rana da hantsi wasu jami'an tsaro suka shigo shagon, suka tarar da dogayen takardun cibiyar, layi bayan layi na alamomi da lambobi. Babbansu ya tambaya da Faransanci saƙon wa aka ɓoye a ciki. Hamisu ya ce magana ce da na'ura. Suka kwashe takardun da faya-fayan da cibiyar ke ciki, suka sa shi gaba. Ina tsaye da Rabi a bayana, ya waiwayo ya ce in kashe na'urar kada ta yi zafi.

Ya dawo gab da azumi yana tari, ba ya iya miƙe bayansa. Bai taɓa faɗa mini abin da aka yi masa ba. Faya-fayan ba su dawo ba. Ya fara sake rubuta cibiyar daga ka, in hannunsa ya ƙi, sai ni in karɓi biron, amma bai ga Babbar Sallah ba.

Yau Rabi ce ke rubuta manhaja a unguwar Agoè. Kwanaki ta nuna mini yadda take yin aiki sau ɗaya ya tashi a waya da kwamfuta, duk saboda wani ginshiƙi da ke ƙasa. Ta ce, "Mama, kowa haka yake yi yanzu, kyauta ma ake saukewa." Na tashi na shiga ɗaki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Na san ba zai ji haushi ba. Zai ja kujera ya hau karantawa har abinci ya huce. Ni ce mai jin haushin, har yau.

Babu layi ɗaya nasa da ya saura a duniya, har abin da ya sake rubutawa ma ya salwanta. Rabi ta roƙe ni in tuno ko kaɗan, tunda yatsuna sun buga shafukansa. Na ce ban taɓa gane ko ɗaya ba, sai kalma guda da nake yawan cin karo da ita a tsakiyar alamomin, sunan da ya ba sashen da ke fara tashi in an kunna. Ta ce, "Wace kalma?" Na ce, "Sunanki."