Ciyayyar Gidan Su Scholastica

Mutanen unguwar Jama'a da dama sun san Scholastica, wadda aka fi kira Maman Stephanie. 'Yar Zonkwa ce, aure ya kawo ta Zariya, wankau take yi wa ɗalibai a Samaru. Da sassafe take shiga mota, sai bayan magariba ta dawo. Wuni guda hannunta na cikin kumfa, ba ta cin komai sai ɗan rogo, wai in ta ƙoshi ba ta iya sunkuyawa.

Gidan haya take zaune, kuma matan gidan ciyayya suke yi tun da can, kowacce ta sauke tukunya sai ta zuba wa 'yar uwarta. Da mijinta Cornelius yana raye ba a ga aibin abin ba, don in ya taso daga aiki a Chikaji share komai yake yi. Da Allah ya karɓi abinsa, tausayi ya sa matan suka ƙara hannu. Kullum sai ta tarar da kwanuka a bakin ƙofa, ga amalar Funmilayo, ga tebar Maman Ebele da miyar agushi.

Ba a mayar da kwanon ciyayya da abinci a ciki, cin fuska ne. Zubarwa kuwa a wurinta zunubi ne, ga zafi, ba firij. Sai ta yi addu'a ta ci ɗaya ta kwanta, barci ya ƙi zuwa, ta tashi ta buɗe na biyu. Ita ma ta san ba gudun asara kaɗai ba ne. Ɗakin ne ya yi mata shiru da yawa, in tana tauna sai ta ji dama-dama.

Daga baya ciwon suga ya bayyana, yatsan ƙafarta ya yi gyambon da ya ƙi warkewa. Likita ya ce in ba ta bar cin dare ba, ƙafar ba za ta tsira ba. 'Yarta Stephanie, mai tsaron shago a Kaduna, ta zo ta bi ɗaki-ɗaki tana cewa a daina kawo wa mamanta abinci. Yarinya ce, ga tsoro, ba ta tausasa harshe ba.

"Wato mu ne muke kashe ta," in ji Funmilayo. "Da muke ciyar da ita, ke kina ina?"

Kwanuka suka ɗauke, gaisuwa ma ta ɗauke. In ta zo bakin famfo sai hira ta mutu. Abin mamaki, suga ya sauka, gyambon ya fara bushewa, ita da kanta ta ga haka. Amma ranar Lahadi da ta zauna a coci, Maman Ebele ta ɗauki jakarta ta koma wani benci. Da yamma Scholastica ta ɗaura zane ta bi ɗakunan da 'yarta ta bi, tana durƙusawa tana cewa a yafe, ƙuruciya ce. Suka yafe. Don a nuna an huce, kwanukan suka dawo a cike fiye da da.

Da damina aka yanke mata yatsu biyu. Kafin a sallame ta likitan ya ɗora hannu a ƙasan gwiwarta ya ce, "Mama, in kika dawo, daga nan za mu cire."

Stephanie ta yi jinyar da za ta iya, mai shago ya matsa, ta koma Kaduna tana kuka. Ranar da ta tafi matan gidan suka shigo dubiya, kowacce da kularta. Maman Ebele ta gyara mata filo, ta ce ta ga yadda ta rame, ta daure ta ci ta samu ƙarfi, za ta zo ɗaukar kular da safe.

Scholastica ta buɗe baki za ta yi magana. Ta dubi fuskokinsu, duk alheri suke nufi da ita. Sai ta ce Allah ya saka, ya bar zumunci.

Da suka fita ta daɗe tana kallon ƙafar da ke naɗe da bandeji. Sannan ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta buɗe kular farko.